Mutum Na Biyar

Kuramochi ya ɗaga guduma zai buga ƙwallo, sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Tashi mana, lokacinka na tafiya," na ce masa.

"Bari in ɗan saba da ƙasar nan, Kyaftin. Mun kusa zama abokan kwana."

Masuo da Tokiko suka kama shi zuwa benci, Hatsue ta zuba masa shayin sha'ir daga fulas. Ni kuwa na ci gaba da masifa, don da na ga launin leɓensa tsoro ya kama ni, kuma ni in na tsorata faɗa nake yi.

Mu biyar muka rage masu buga getoboru a garinmu Okuzawa, wasan nan na tsofaffi da ake tura ƙwallo da gudumar katako ta ƙananan ƙofofin ƙarfe. Filin na makarantar firamare ne, wadda aka rufe da yara suka ƙare. A da ƙungiya uku gare mu, har cacar baki ake a kan wa zai fara shiga. Sai matasa suka bi jirgin ƙasa zuwa Sendai da Tokyo, tsofaffi kuma suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Bara ƙaramar hukuma ta aiko cewa duk filin da ba shi da cikakkiyar ƙungiya za a ba masu farantan sola hayarsa. Cikakkiyar ƙungiya kuwa mutum biyar ce.

Kuramochi maƙwabcina ne, gidansa na kallon nawa. Tsohon direban motar katako ne, mai baki ba linzami. Shekara da shekaru yana kiran wasanmu layin jiran mutuwa. Da mijin Hatsue ya rasu muka koma huɗu, na je na kafe a ƙofarsa har ya gaji ya karɓi guduma. Bai taɓa iya wasan ba. Ƙwallonsa inda ta ga dama take zuwa, kuma kullum iska ce mai laifi.

Mu ma ba don cin kofin gasa muke fita ba. A garin da rabin gidaje suke kulle, filin nan ne kaɗai inda ake ganin juna. Ƙa'idarmu ita ce duk wanda bai fito da safe ba, a ajiye guduma a je a buga masa ƙofa. A ƙauyen da ke gaba da mu, inda aka riga aka karɓe nasu filin, wata tsohuwa sai ƙudaje ne suka sanar da mutuwarta.

Da yamma na kai masa dafaffiyar kabewa. A nan ya gaya mini ciwon huhu ne ke cinsa, likita ya gama magana tun bazara, kuma ɗansa Noboru ya matsa masa ya koma Sendai.

"To ka tafi mana. Can ga asibiti, ga jikoki."

"In tafi ku koma huɗu? Ke da wannan halin naki, in aka rufe filin wa zai leƙo ki? Sai kin yi wari."

"Kai dai ba ka da mutunci, tsohon nan."

"Ban taɓa cewa ina da shi ba. Ki nemo mana na shida, in mutu a natse."

Na nema. Mai kawo wasiƙu ya ce shi a wani gari yake kwana. Malamin haikali ƙauyuka huɗu yake zagayawa, kuma duk jana'iza ce ke kai shi. Har wajen wasu ma'aurata na je, 'yan birni da suka sayi kango a bakin rafi suna zuwa hutun ƙarshen mako. Suka saurare ni cikin ladabi, suka ba ni kofi mai ɗaci, suka rako ni har bakin hanya. Sauran mutanen garin kuwa, daga mai ciwon baya sai wanda ya manta sunan 'ya'yansa.

Kuramochi bai fasa fitowa ba. Yakan zauna a benci yana numfashi da ƙyar, in an kira lambarsa ya dogara da guduma ya je ya ɓata mana wasa ya dawo. Bai sake tambayata zancen na shida ba, kallona kawai yake yi in girgiza kai. Wannan kallon ya fi zaginsa ciwo.

Wata safiya cikin kaka muka share ganye, muka jera ƙwallaye, bai zo ba. Muka ajiye gudumomi muka nufi gidansa, Tokiko na baya saboda gwiwarta.

A zaure muka same shi, zaune a kan matakala, ya jingina da bango. Hularsa na kansa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Hatsue ta taɓa wuyansa ta ce da sauran ɗumi.

"Ko awa bai yi shi kaɗai ba," in ji Masuo, a hankali.

Na karɓi takalmin na sa masa, sannan na yi kuka irin wanda ban yi wa mijina ba.

Noboru ya zo aka yi jana'iza aka ƙona gawar bisa al'adarmu, ya kulle gidan ya tafi da tokar ubansa Sendai. Yaron ƙaramar hukuma ya zo karɓar filin yana ta rusunawa yana ba da haƙuri, ba mu yi masa gardama ba, ai shi ma aiko shi aka yi. Kafin sanyi 'yar Tokiko ta zo ta ɗauke ta. Masuo da Hatsue can saman tudu suke, kuma ba mai saukowa haka kawai da irin gwiwoyinmu.

Yanzu kowace safiya nakan zuge ƙyauren gidana da ƙarfi, yadda ƙarar za ta kai titi. In rataya bargo a baranda ko da ba ya bukatar shan iska, don in wani ya wuce ya san an tashi a gidan nan. Sannan in zauna da shayina ina kallon tsallaken hanya, inda ciyawa ta fara rufe ƙofar Kuramochi.