Lambar da Ke Wuyan Hannun Malam

"Malam, ka san inda kake?" Likita ya sake tambaya, yana haska masa ido da 'yar tocila.

Malam bai tanka ba. Zamewa ya yi a banɗaki ya bugu a ka, kuma tun da aka fito da shi daga ɗakin tiyata idonsa biyu, amma ko uffan. Matarsa na zaune a bakin gado ta zuba tagumi. Likita ya riga ya gaya mata a waje cewa aiki ya yi kyau, saura a ga ko hankali ya dawo. Tsoro ne fal cikinta.

Wai yau Malam ne ya yi shiru. Mutumin da ya tsufa yana koyar da lissafi, ya yi ritaya amma bakinsa ya ƙi bin sa. Lambar mota, lambar mitar wuta, duk wadda ya gani sai ya feɗe ta har wutsiya: wannan tana rabuwa biyu, waccan marowaciya ce, ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ko saurayin autarsu da ya zo gaisuwa, sai da aka feɗe lambar wayarsa kafin a tambayi sana'arsa. Ita kam ta gaji tuntuni, har doka ta kafa, ba lissafi a kan abinci.

Likita ya ɗaga hannun Malam zai duba bugun jini. Idon Malam ya sauka a kan robar da aka ɗaura masa a wuyan hannu, mai lambar majinyaci. Leɓɓansa suka fara motsi.

"Dubu ɗari uku da sittin, da ɗari uku da sittin," ya ce, murya a dushe. "Wa ya ba ni wannan?"

"Kwamfuta ce, Malam," in ji likita.

"Ta iya zaɓe. Lamba ce mai hannu sake. Raba ta biyu, raba ta bakwai, sha ɗaya, sha uku, duk dai daga ɗaya har sha biyar, babu ragowa."

Matar ta matso. "Sha shida fa?" Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa yi masa irin wannan tambaya ba.

"Takwas zai rage." Ya juyo a hankali, ya ƙura mata ido.

Likita ya nuna ta da biro. "Wannan fa, ka gane ta?"

Malam ya daɗe yana kallonta, har ta fara addu'a a ranta.

"Ta yi kama da matata," ya ce. "Amma tawa ba ta tambayar lissafi. Likita, ita ma a duba kanta."

Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye, daɗi kamar ya kashe ta. Ta goge ido da gefen mayafi, ta gyara masa filo.

"Ka ji ka," ta ce. "To ci gaba. Sha bakwai fa?"