Zoɓo a Kofin Garba

A shekarar da soja suka miƙa mulki, ni ba makaranta, ba aiki. Abu ɗaya ne ke iya zaunar da ni wuri guda: wasan da muke yi a bayan shagon mahaifiyar abokina Harrison, a Unguwar Mu'azu.

Harrison ne mai ba da labari. Shi ke zana daji da kogo a jikin kwali, ya ce ga dodo nan ya fito. Ni da abokinmu Garba kowa da jaruminsa, murfin kwalba. Ƙwayar ludo ke yanke hukunci. Jinin jarumi kuwa zoɓo ne a kofin roba: in an sare ka, ka kurɓa, in kofin ya ƙare, ka mutu.

Ni na ƙirƙiro sihirin da na sa wa suna Aron Jini. Na sha gardama kafin Harrison ya yarda ya shiga wasan. In abokinka ya faɗi, sai ka juye masa rabin jininka, ka jefa ƙwaya. Ta ba da babba, ya tashi. Ta ba da ƙarami, ku biyun kun tafi.

Ran wata Asabar da rana dodo ya kashe jarumin Garba. Na miƙe, na ɗaga kofina, na ce da ƙarfi, "Jinina naka ne, tashi!"

"Wayyo Yesu!"

Maman Harrison ce a bakin ƙofa, hannu a ƙirji. Lokacin kullum ana maganar 'yan ƙungiyar asiri masu rantsuwa da jini a makarantu.

"Harrison, asiri ka shiga? A bayan shagona? Yanzun nan zan kira fasto. Kai kuma Garba, sai Malam ya ji!"

Garba ya dafe kai. "Mama, don Allah. Babana ya ji, na shiga uku."

"Mun cire sihirin, Mama," in ji Harrison da sauri. "Ishaya, mun cire, ko?"

"Ba mu cire ba," na ce.

Harrison ya taka min ƙafa. Ban kula shi ba. Sihirin nan daga kaina ya fito, ba zan bari a binne shi don tsoro ba. Na miƙa mata kofin.

"Mama, shinshina."

Ta ja baya, sannan ta kawo hanci a hankali. Fuskarta ta canza.

"Citta ta yi yawa. Na Larai mai zoɓo ne wannan. Nawa zoɓon ne bai yi muku ba?"

Na nuna mata murfin Garba a kife, na faɗa mata ƙa'idar, na juye masa rabin kofina a gabanta. Sai na ɗora mata ƙwayar a tafin hannu.

"Ke za ki jefa mana."

Ta daɗe tana kallonta, sannan ta wurga. Ɗaya.

"Mun mutu duka," in ji Garba.

"Kamar yaya duka? Ya ba ka jini kuma ka mutu? A asibiti wanda aka ƙara wa jini ai tashi yake!"

"Mama, in ba haɗari, ba sihiri ba ne," na ce.

"To mai bayarwa ya ɗauki haɗarin shi kaɗai, mai taurin kai." Ta nuna kwalin da yatsa. "Ku kwashe tarkacen nan ku dawo gaban shago, inda kowa zai gan ku."

Na ɗauki kwalin. Gyaran nata ya fi nawa, amma sai da na yi mata musu har bakin titi.