Muryar Inno a Ƙaramin Faifai

Gari ya waye a unguwar Sharafiyya ta Jidda Musbahu bai runtsa ba. A gabansa kwamfuta tana jiran amsa ɗaya: a goge ƙaramin faifan ko a bar shi. Shi kuwa wata tambayar ce ke cin sa. Da ya ƙi aikin nan, da Baba Na'ibi yana raye?

Shekaranjiya tsohon, maƙwabcinsa na ƙasan bene, ya hawo yana haki, riƙe da babban faifai mai laushi irin na dā, a naɗe cikin hirami. Muryar matarsa Inno ce a ciki. Ɗansu Othman ya ɗauke ta a na'urar kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, kafin ta rasu, kafin shi kuma hukuma ta mayar da shi ƙasarsu. Yanzu na'urorin gari duk bakin ƙaramin faifai gare su. Ta Musbahu, da ya haɗa tun yana jami'a, ita ce mai baki biyu.

"Ya waladi, ɗana, juye min ita a ƙaramin," in ji tsohon.

Musbahu ya ba da umarnin da ke kwafe faifai ɗungurungum. Na'ura ta ƙi, domin girmansu ba ɗaya ba.

Baba Na'ibi ya murmusa. "Halinta ke nan. Ba ta son ƙaura."

Musbahu ya ɗaga faifan a haske, ya ga danshin Jidda ya yi masa fumfuna. "Baba, sai dai in ɗauko muryar ita kaɗai. Amma bakin na'urar zai iya kankare shi, ya ƙi karantuwa har abada."

"Yalla, yi kawai. Ni ma ba sabo ba ne."

Babban bakin ya yi ta gurnani, ƙaramin yana ƙyafta fitila, har muryar ta haye. Musbahu ya kunna. Aka ji ƙarar tukwane, sannan wata mace, kusa ƙwarai kamar a bayan labule take.

"Malam, taho mana. Kai kaɗai ake jira."

Tsohon ya miƙe, ya zura takalmansa. "Ga ni nan," ya ce, ba Musbahu yake duba ba. Ya sauka ya bar faifan biyu. Washegari aka same shi kwance yana fuskantar alƙibla, takalman suna ƙafarsa. Babban faifan bai sake karantuwa ba.

Yatsan Musbahu yana kan maɓallin gogewa aka ƙwanƙwasa. Barakatu ce, 'yar marigayin, haifaffiyar Jidda, tsaye a gefen ƙofa cikin baƙar abaya.

"Ya akhi, Baba ya ce sautin Ummi yana wajenka. Sahih, haka ne?"

"Kin san abin da take faɗa a ciki?"

"Cin tuwo take kiransa, wallahi, ya tsaya surutu a waje. Tukwanen nan ni ce nake wankewa. Ba ni da komai nata sai shi. Kuma ai Malam ta kira, ba ni ba."

Musbahu ya koma ciki. Ya daɗe yana duban allon, sannan ya danna a'a. Ya zare faifan, ya sa farce ya tura ɗan makullin da ke kusurwarsa, wanda ke hana gogewa. Ya naɗe shi a hiramin tsohon.

Ta karɓa da hannu biyu ta sauka. Ya tsaya yana jin takunta a matakala, har ƙofar ƙasa ta rufe.