Sunan Kofur Habibu a Takardar Majalisa

Khairat na shekararta ta uku a Alƙahira lokacin da Ukasha, shugaban ɗaliban Najeriya na unguwarsu, ya kira ta a waya. Karatun Larabci ne ya kawo ta Masar, amma aikin tafinta ne ke ciyar da ita. 'Yan gida da ke zuwa neman magani ba sa jin Larabci, likitoci ba sa jin Hausa, sai ita ta tsaya a tsakani.

"Akwai wani dattijo a unguwar Ma'adi, wankin ƙoda ake masa sau uku a sati," in ji Ukasha. "Daga shi sai matarsa, shi ya sa suke son mace. Tsohon ɗan majalisar tarayya ne, Honarabul Ɗanmalam."

Khairat ta sa Ukasha ya maimaita sunan.

"Kin san shi ne?"

"Na san sunan," ta ce. "Zan je."

Ba sunan kaɗai ta sani ba. Shekara takwas Ɗanmalam yana wakiltar mazaɓarsu, kuma shi ne ya dinga tashi a majalisa yana magana har aka buɗe ofishin 'yan sanda a Kwarin Maɗaci, ƙauyen da 'yan bindiga suka addaba. Mijinta, Kofur Habibu Salihu, na cikin mutum bakwai da aka tura can. Wata huɗu da buɗewa, ranar kasuwa bayan la'asar, 'yan bindiga suka shigo a kan babura suka kashe shida daga cikinsu, har da shi. Aurenta da Habibu bai cika shekara ba. Tana gama takaba ta nemi gurbin karatu ta bar ƙasar.

Ranar Asabar ta hau ƙaramar bas daga unguwarsu, Hayyin Ashir, ta sauya zuwa jirgin ƙasa na metro, ta sauka a Ma'adi. A hanya tana tuna muryar da take ji a rediyo, mai kauri, mai cika ɗaki. Wanda ta tarar a asibitin ɗan tsoho ne siriri, ƙafafunsa sun kumbura, ciwon suga ya kusa cinye idanunsa. Matarsa, Hajiya Mardiya, na zaune gefe riƙe da hularsa.

"Sannu da jiki, Baba. Sannu, Mama."

"Yawwa, 'yata. Daga ina kike a gida?"

Ta faɗi sunan babban birnin jiharsu, ta tsaya a nan. Shi ma bai ƙara tambaya ba.

Wankin ƙoda awa huɗu ne. Da zarar an sa masa allurai an kunna na'ura, babu sauran abin fassarawa sai jefi-jefi. A zama na biyu ya sa Hajiya ta ciro wani fayil mai kauri daga jaka.

"Rubutaccen zaman majalisa ne," ya ce. "Duk inda na yi magana na sa an ciro mini. Ban iya karantawa yanzu. Ki karanta, ki juya shi Hausa saboda Hajiya. Shekara takwas tana goge mini babbar riga, ba ta taɓa jin abin da nake faɗa a cikinta ba."

Haka suka fara. Khairat na karanta Turancin a zuci tana fito da shi da Hausa. Akwai ranar da ake muhawara kan kasafin tsaro, ya tashi ya ce, "Mai girma Kakaki, an gaya mana an sayi jiragen yaƙi. Mutanena ba su ga jirgi ba. Babura suke gani, mutum uku-uku a kai." Akwai maganar gadar da ruwa ya cinye, wadda ta raba ƙauyuka tara da asibiti. Wannan sau shida ya tayar da ita. Akwai ta shingen hanya, inda ake sauke manomi da buhun geronsa a bar mai bindiga ya wuce ta daji. A wani shafin an rubuta cewa Kakaki ya sa an kashe masa makirufo, shi kuma ya ci gaba da magana a haka.

"Kai, Alhaji," in ji Hajiya tana dariya, "ashe can ma ba ka jin bari."

"An gyara gadar kuwa?" Khairat ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Tana nan yadda na bar ta."

Sati uku suna haka. Abin da ya fi damun Khairat shi ne ta fara jin daɗin zaman. Ta zo da niyyar ganin mutumin da ya jawo mijinta wurin mutuwarsa, sai ga ta tana gyara masa filo, tana yi wa nas faɗa da Larabci idan ta daɗe ba ta leƙo ba. Kuma maganganun da take karantawa gaskiya ne. Ba ta ga inda ya yi ƙarya a cikinsu ba.

Ranar wata Laraba ta juya shafi ta ga kwanan watan. Kwana uku ne bayan harin. Duk da haka ta karanta.

"Mai girma Kakaki, yau ban zo da ƙudiri ba. Sunaye na zo da su. Ina roƙon majalisa ta saurara. Sajan Isiyaku Garba. Kofur Habu Sale..."

Ta tsaya. Ta sake duban layin.

"Ci gaba mana, 'yata."

"Ba haka sunan yake ba."

"Na'am?"

"Ba Habu Sale ba ne. Habibu Salihu ne. Mijina ne, Baba."

Hajiya ta yi salati ta dafe ƙirji. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryar, yana neman ganinta da idanun da ba sa gani sosai. Na'urar na ta juyawa a gefensa.

"Tun ranar farko kin sani," ya ce.

"Na sani."

"Kika zauna kina karanta mini."

Ya daɗe yana numfashi, sannan ya ce, "A waya aka karanto mini sunayen, na rubuta a bayan ambulan. Ban bincika ba. Wannan kuskurena ne. Amma akwai wanda ya fi shi, kuma ba ya cikin fayil ɗin nan."

"Alhaji, jininka," in ji Hajiya.

"Bar ni, Mardiya. Mutum talatin na roƙa, da mota biyu, da oba-oba. Aka ba ni mutum bakwai da bindiga uku. Ranar buɗewa Sajan Isiyaku ya ja ni bayan ginin ya ce, ranka ya daɗe, a haka ba za mu iya tsare ko kanmu ba. Na dafa kafaɗarsa na ce sauran kayan na hanya. Ba sa hanya. Na san ba sa hanya. Amma gari ya taru, mata na guɗa, shekara uku ina yi musu alkawari, zaɓe saura wata biyar. Na ce a raina bari a buɗe, in koma in ci gaba da matsa musu. Na matsa, Allah ya sani, sau huɗu na tashi a kai, kin gani a shafukan da kika wuce. Amma ni na yanka ƙyallen."

Khairat ta rufe fayil ɗin ta ajiye a kan gado. Ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa. Ta kama mariƙin ke nan na'urar ta fara ƙara. Nas ta shigo da gudu tana jero tambayoyi da Larabci, Hajiya na kallonta ba ta fahimtar komai, tsohon kuma kansa ya langaɓe gefe.

Khairat ta dawo. Ta tambaye shi ko yana jin jiri, ta gaya wa nas. Ta gaya wa Hajiya jininsa ne ya sauka, za a rage gudun na'urar a ɗaga ƙafafunsa. Ta tsaya har awa huɗun suka cika, ta fassara abin da likita ya ce game da gishiri da ruwan sha, ta sa su a tasi. Sannan ta tafi, ba ta koma ranar Asabar ba, ba ta koma ranar Litinin ba. Ukasha ya tura musu wata ɗaliba.

Ɗakin da take zaune a Hayyin Ashir su biyu ne, ita da Wijdan, Bahaushiyar Sudan wadda kakanninta suka tsaya can a hanyar Makka. Yaƙi ne ya koro ta daga Khartum. Kwana biyar Wijdan na ganin Khairat kwance da rana tsaka ba ta zuwa makaranta, ba ta ce komai ba. A rana ta shida ta dafa shayi ta zauna a bakin katifar, Khairat ta ba ta labarin duka.

"Ma'alish, ya ukhti, yi haƙuri 'yar'uwata," in ji Wijdan. Ta jima tana juya cokali. "Yayana Mahir ya fita sayo burodi, yau shekara biyu bai dawo ba. Ba wanda ya tashi ko'ina ya faɗi sunansa, daidai ko ba daidai ba. Ba ina ce miki ki koma ba ne. Ni dai da zan samu mutum ɗaya da zai ce mini ga abin da ya faru, ni na yi, da na je na zauna gabansa, ko zaginsa ne in yi."

Washegari Hajiya Mardiya ta kira. Ta ce Alhaji ya daina cin abinci, kuma akwai wasiƙar da ya ce ba mai rubuta ta sai Khairat.

Ta same su a gidan da suka kama haya, hawa na biyu, bishiya ta rufe tagar. Ya ƙara ramewa. Ya sa ta ɗauko takarda, ya yi mata shifta zuwa ga akawun majalisa: cewa a zaman rana kaza ya ambaci sunan wani ɗan sanda ba daidai ba, yana roƙon a gyara a rubuce, sunansa Kofur Habibu Salihu. Ya sa ta ƙara cewa an buɗe ofishin da bindiga uku, kuma ya sani. Ta ɗora hannunsa a inda zai sa hannu.

"Ban san ko za su kula ba," ya ce. "Wanda ya bar kujera ba a cika buɗe wasiƙarsa ba." Ya juyo wajenta. "Wane irin mutum ne Habibu?"

Ba ta yi tsammanin tambayar ba. Shekara huɗu ba wanda ya yi mata ita. Mutane addu'a suke yi su wuce.

"Dogo ne," ta ce. "Yana da wushirya. Ba ya yarda in goge masa kaki, wai ba na fitar da karin wando. Tsoron kare yake ji, ɗan sanda guda. Ya shuka zogale a bayan ofishin, kullum in ya kira sai ya gaya mini tsawon da ya yi. Yana shirin jarrabawar sajan, ni ke yi masa tambayoyin ta waya, in ya faɗi sai ya ce layin ne ba kyau."

Ta yi ta magana har aka kira la'asar. Wani wurin ta yi dariya, wani wurin kuka ya hana ta ƙarasawa. Tsohon na saurare, hawaye na gangarowa cikin gemunsa bai share ba.

"Ki yafe mini, 'yata."

Ta sunkuyar da kai. "Ban iya ba tukuna, Baba."

"Ba laifi. Gaskiya kika faɗa. Za ki dawo aiki?"

"Zan dawo."

Ta dawo. Suka ƙarasa fayil ɗin a zama huɗu. Jawabinsa na ƙarshe kan rijiyar burtsatse ne ta wata makarantar firamare, layi bakwai, ba wanda ya mara masa baya. Da kanta ta kai wasiƙar gidan waya, ta kuma tura hotonta ta imel. Ba amsa.

A kwanakin nan ta dinga juya maganar yafiyar a ranta, cikin metro, cikin aji, kan sallaya. Ranar Laraba da suka rabu ta yanke shawarar ranar Asabar za ta gaya masa. Har ta tsara yadda za ta faɗa, ba da tsawo ba, bayan an cire masa allurai.

Ranar Alhamis da hantsi tana aji wayarta ta yi ta rawa. Hajiya ce. Ta ce Alhaji ya karya kumallo, ya ce zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan, bai sake tashi ba.

Khairat ce ta fassara wa likitan da ya zo tabbatarwa. Ita ta bi layin takardar shaidar mutuwa, ita ta rubuta sunansa da Larabci harafi-harafi ta sa ma'aikacin ya maimaita mata. Ukasha ya tara ɗalibai aka yi masa sutura, aka binne shi a maƙabartar bayan gari, don ya bar wasiyya kada a wahalar da kowa da ɗaukar gawa.

Ranar da Hajiya za ta koma gida Khairat ta raka ta filin jirgi. A bakin ƙofar shiga Hajiya ta riƙe hannunta ta ƙi saki.

"Ya tambaye ni ranar Laraba da yamma ko ina ganin za ki iya yafe masa. Na ce masa ya ba ki lokaci."

"Na yafe masa, Mama. Ranar Asabar na so in gaya masa."

Hajiya ta rungume ta, suka tsaya a nan suna kuka, masu akwatuna na kewaye su suna wucewa. Wani ma'aikaci ya ce yalla, ya Hajja, ta yi sauri za a rufe. Hajiya ta goge fuskarta da bakin mayafi ta shiga.

Khairat ta fito ta samu benci a tashar bas ta zauna. Motar Hayyin Ashir ta zo ta cika ta tafi, wata ta zo ta tafi. Sai a ta uku ta iya tashi.