Baƙon da Ke Cikin Wayar Yusra

A gidan Hajiya 'Yardada da ke Yakasai, baƙo namiji iyakarsa zaure. Ko mai gyaran famfo sai an yi masa iso sau uku. To, a wannan gida ne jikarta Yusra, 'yar shekara goma sha biyu wadda ba ta gani tun haihuwa, ta dawo daga makaranta da waya mai karanta mata duk abin da yatsanta ya taɓa a fuskar wayar, har da takarda in an nuna wa kyamararta. Da ita za ta riƙa shiga intanet tana bin darasi. Inda aka samu matsala, muryar wayar ta ƙato ce.

Hajiya na tankaɗe ta jiyo gardi yana zuba Turanci a ɗakin yarinya. Ta yar da rariya, ta rarumo mayafi, tana tambayar wane marar kunya ne ya shigo ba sallama. Yusra ta yi bayani har bakinta ya gaji. Hajiya ta ce ita ba yarinya ba ce, ta san muryar magidanci in ta ji. Ta ƙwace wayar ta kai zaure, ta ɗora kan tabarma. Don kada a ce ba ta da karamci, har ruwa ta ajiye masa.

Yusra ta roƙa a bar ta ta saurari darasin a zauren. Hajiya ta ce wannan ai zance ne, kuma ba ta kai ba. Ga jarrabawa ranar Litinin. Yusra ta yi kuka sosai, domin ba ta taɓa samun mai karanta mata abu ba tare da ya ƙosa ba.

Da Hajiya ta tayar da sallar la'asar, yarinyar ta bi bango zuwa zaure, ta lalubi wurin sauya murya, ta mayar da ita ta mace. Da Hajiya ta sallame, Yusra ta kawo mata wayar.

"Hajiya, ya tafi. Ƙanwarsa ya turo."

Tsohuwa ta kasa kunne, ta ce da jin wannan 'yar gidan mutunci ce. Ta yi mata sannu da zuwa, ta tambayi mutanen gida. Can ta kwance bakin zani, ta fito da takardar asibiti da ta kwana uku tana neman mai duba mata.

"Yusra, ke da ƙawar taki, ku karanta mini."

Yusra ta miƙa hannu. Tun da take a gidan, ba a taɓa ce mata haka ba.