Layi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Ranar Laraba harshen da marigayiya Bhagirathi ta tsara ya ƙi karɓar aikin mijinta, Srikantan.

Shekara uku Srikantan da ita suka yi a wata cibiyar bincike a Chennai, suna ƙera harshen ba da umarni ga wata sabuwar irin kwamfuta da ake kira kwantam. Rabin lokacin a gardama ya tafi, kan doka ɗaya da ta kafa. Kubit, ƙwayar bayanin irin wannan na'ura, ba ya kwafuwa, don haka duk wanda ya nemi kwafarsa sai harshen ya tsayar da shi. Srikantan ya ce tsananin ya yi yawa, mutane za su gudu. Ta ce su gudu. Ciwo ya ɗauke ta, gardamar na nan inda suka bar ta.

Yanzu saura kwana biyu kwamiti ya yanke ko a riƙe harshen ko a jingine shi. In har dokar na tare aikin da ba shi da aibu, wahalarta ta bi ta ke nan.

Ponnambalam, tsohon abokin aikinsa, ya shigo da kofi a kofin ƙarfe.

"Malam, cire dokar nan mana. Ba kai ka fi kowa kushe ta ba?"

"A gaban mai ita na kushe. Yanzu wa zai rama mata?"

"To karanta naka aikin. Littattafan duniya dai ka gama da su."

Srikantan ya bi aikin nasa layi-layi da yatsa, yadda take yi yana mata dariya. A layi na ɗari biyu da sha ɗaya yatsan ya tsaya. Ashe a nan ya kwafi kubit. Sabon shekara talatin ne da kwamfutar yau da kullum, inda kwafa ba komai ba ce. Da harshen ya ƙyale shi, da shirme za su kai wa kwamiti, shirmen har da sabuwar riga.

Ya gyara layin. Aikin ya wuce lafiya.

Ponnambalam ya leƙo. "Wane gwanin ne ya rubuta layin da ka gyara?"

"Wani tsohon jaki. Sha kofinka."

Srikantan ya jingina, ya sauke numfashi. Rabonsa da jin yunwa tun Litinin, sai ga shi yana tunanin dosa, wainar shinkafar nan. Hotonta na bango, furen jiya ya fara yaushi a jikinsa. Shekara ashirin da takwas suna tare, kuma ba kalmomi ya rasa ba, amma bai taɓa ce mata, "Bhagi, ke ce da gaskiya" ba.