Kyamara Ta Ɗaya Ta Bi Tavion

Ranar Asabar ce ta ƙarshen Nuwamba, ruwa mai haɗe da ƙanƙara yana ta zuba tun safe a filin wata jami'a, inda ake buga ƙwallon Amurka, irin wanda ake runguma a gudu da shi. Lamont Pruitt yana tsaye can ƙololuwar rumfar 'yan kallo, daidai layin tsakiya. Ya lulluɓe kyamararsa da leda, shi kuwa ruwan na bin wuyansa. Ita ce kyamara ta ɗaya, wadda duk ƙasa ke kallon wasa a talabijin ta idonta, kuma ya shekara goma sha tara yana riƙe da ita.

Dokar aikin guda ce: ka buɗe hoto, ka bi ƙwallo, kada ka bi mutum. 'Yan wasan nan mayaudara ne. Mai jefawa zai yi kamar ya danƙa wa wani ƙwallon, wancan ya rungume cikinsa ya zura da gudu, alhali ƙwallon na ɓoye a cinyar mai jefawa. Sau biyu a bana aka yi wa Lamont haka ya rufta. Rhonda, daraktar da ke zaune cikin mota a bayan fili tana zaɓen hoton da zai fita, ta riga ta gaya masa in ya yi na uku ya sauka.

"Tsoho, ka goge tabarau kuwa?" Muryar Dwayne ce a kunnensa, mai kyamarar kafaɗa a bakin fili.

"Kai dai kula da ƙafarka, kada su sake bi ta kanka kamar tsumma."

"Ku yi min shiru," in ji Rhonda. "Ta ɗaya, ƙara buɗewa."

Saura kiris a tashi, masu gida na baya da maki huɗu. Sai ɗan wasansu mai gudu da ƙwallo ya fita yana ɗingishi, wani ya shigo a madadinsa da riga fara tas, ko ɗigon laka babu. Tavion ne, ɗan Lamont. Tun shigarsa makarantar yake ɗumama benci, yau kuma wasansa na ƙarshe.

"Kai, Lamont, wancan ba yaronka ba ne?" in ji Dwayne.

Lamont ya ƙara manna ido a kyamara.

Aka saki ƙwallo. Mai jefawa ya juya ya cusa hannu a cikin Tavion. Yaron ya dunƙule, ya sunkuyar da kai, ya yanka hagu. Lamont ya san gudun nan, ya san yadda kafaɗar dama ke ɗan karkacewa, tun yaron na tsere da kare a bayan gida. Yatsunsa suka murɗa bakin kyamarar da kansu. Hoto ya matso, ya matso, har fuskar ta cika shi.

"Ta ɗaya! Ƙwallon ba ya hannunsa! Lamont!"

Ya ji ta sarai. Hannunsa ne ya ƙi juyawa. Ƙarti biyu suka danne Tavion cikin laka, ya buɗe hannuwa, wayam. Ihu ya ɓarke daga dama, can inda wani ɗan wasan masu gida ya cafe ƙwallon a bayan layin baƙi, ya ci makin da ya ba su nasara. Kafin Rhonda ta koma kyamara ta uku, mutumin har ya durƙusa yana murna. Masu kallo a talabijin ba su ga cin ba sai a maimaici.

Da aka tashi Lamont ya sami Rhonda a ƙofar mota tana riƙe da kofin kofi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ma uwa ce, Lamont. Amma Asabar mai zuwa Dwayne zai hau sama."

Ya cire abin kunnensa ya miƙa mata.

Yana naɗe waya a bakin fili sai ga Tavion a guje, laka har gira.

"Baba! Ka gan ni? Biyu suka biyo ni, biyu! Koci ya ce ni na buɗe hanyar."

"Na gan ka, ɗana."

"Ka kama cin da kyau dai ko? Mama na kallo."

Lamont ya ci gaba da naɗe wayar, ruwa na ɗiga daga hancinsa.

Tashar talabijin ɗin ta rasa hoton cin da ya raba gardamar wasan. Lamont ya rasa kyamara ta ɗaya, da wasannin hunturu uku da aka riga aka sa sunansa, da aikin baɗi.